HIJIRA DA GUDUN HIJIRA A ƘASAR RIMA

Duk wanda aikin gona ya taɓa kai shi gabashin Sakkwato ya san hanyar nan da ta fita daga birni, ta bi ta ƙasar Wurno, ta wuce Goronyo, ta nufi Sabon Birni. Hanyar albasa ce da tafarnuwa da shinkafa. A da, in ka haɗu da mota shaƙe da mata da yara da tabarmi da tukwane a wannan hanya, sai ka ce amarya za a kai. Tun daga shekarar 2018 ba mai saurin faɗin haka. Sai ka duba fuskokinsu tukuna.

Wata rana ina rubuta sunayen manoman da za a ba iri. Takardar tana da gurbi uku: suna, ƙauye, girman gona. Wani dattijo ya faɗa mini sunansa, ya faɗi ƙauyensu, sa'an nan ya ƙara da cewa ƙauyen ya tashi. Da muka zo gurbin gona sai ya yi shiru. Wani yaro da ke kusa ya ce in rubuta kawai ɗan gudun hijira ne. Dattijon ya ɓata rai, ya ce shi manomi ne ɗan manomi, kuma gonarsa tana nan inda ya bar ta. Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, manomi zan rubuta." Tun ran nan nake ta tunanin wannan kalma. Me ya sa kalmar da ake girmamawa a masallaci da makaranta ta zama abin da dattijo ke jin kunyar a kira shi da ita?

HAUSA BA TA RASA KALMOMIN TASHI BA

Bahaushe matafiyi ne tun asali, don haka kalmominsa na barin gida suna da yawa, kowace da inda ta dosa. In mutum ya kwashe iyalinsa ya sake mazauni da ganin damarsa, ƙaura ya yi. In saurayi ya gama girbi ya tafi Legas ko Ibadan ko Kumasi neman kuɗi, da niyyar dawowa kafin ruwan shuka, cin rani ya tafi. In manoma suka bar tsohon gari suka je suka sari daji, sai a kira sabon wurin tunga, shi ya sa ƙauyuka masu suna Tungar Wane suka cika ƙasar Sakkwato. In mutanen gari suka fita gaba ɗaya, a ce garin ya tashi, ko ya watse. Gidan da aka bari kango ne. Garin da aka bari kufai ne.

Duk waɗannan Hausa ce tsantsa. Amma in taron jama'a ya tashi saboda abin da ya fi ƙarfinsa, kalmar da take zuwa bakin kowa baƙuwa ce, daga Larabci ta shigo: hijira. Tushenta a Larabci yana nufin barin abu da yanke hulɗa da shi, kamar yadda muke cewa an ƙaurace wa wuri.

INDA KALMAR TA SAMI DARAJA

A shekarar 622 Annabi Muhammadu da mabiyansa suka bar Makka suka koma Madina saboda tsanantawa. Wannan tafiya tana da girma wurin Musulmi har a zamanin Halifa Umar aka mai da ita mafarin ƙirgen shekaru. In ka ji an ce shekara kaza bayan hijira, ita ake nufi. Kafin ita, wajen shekarar 615, wata ƙaramar ƙungiya ta ƙetare teku zuwa Habasha, inda sarki Najjashi, wanda Kirista ne, ya sauke su, ya kuma ƙi miƙa su ga masu nemansu.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki su ma sun san irin wannan labari. Littafi na biyu a cikinsa sunansa Fitowa, labarin tashin al'umma ce guda daga Masar. Yusufu kuma ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu da dare ya gudu da su Masar saboda sarki Hirudus. Ashe addinan nan biyu da muke zaune da su a ƙasar nan, kowanne yana da ɗan gudun hijira a tsakiyar labarinsa.

To, ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. A labarin Madina ƙungiya biyu ake ambata, kuma dukkansu an ba su suna na girma. Akwai Muhajirai, masu zuwa. Akwai Ansar, wato mataimaka, mutanen gari da suka buɗe gidajensu da gonakinsu na dabino. Hijira tana da kai biyu kamar igiya. Wani ya tashi, wani ya karɓa. In babu na biyun, abin da ya rage gudu ne kawai.

DAGA DEGEL ZUWA WURNO

A ƙasar Sakkwato ba a bukatar zuwa Makka kafin a san hijira. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka tashi daga Degel zuwa Gudu, don su fita daga hannun Sarkin Gobir Yunfa. Da gangan suka kira tafiyar hijira. Shehu ya rubuta littafi guda a kan wajibcinta, Bayanu Wujubil Hijra, wanda ya kammala a 1806. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1809 aka soma gina Sakkwato.

Wurno ɗiyar wannan tafiya ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ta wajen shekarar 1830 a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka. A nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Ribaɗi ba barikin soja kawai ba ne. Bello yana tara jama'a daga wurare dabam dabam, ya ba su wurin gida da gona, ya ƙarfafa wa makiyaya gwiwa su zauna wuri ɗaya, ya jawo masu sana'a. Garuruwa irin su Gandi da Shinaka a cikin wannan tsari suka tashi. Rabah kuwa gidan zuriyar Bello ce. A can aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a 1910, shi ne kuma ya zama Sarkin Rabah a 1934. Ke nan yawancin waɗanda ke kiran kansu 'yan gari a yankin nan, kakanninsu baƙi ne da wani ya nuna musu fili ya ce su sara.

Amma fa gaskiya ba ta da gefe ɗaya. Yaƙin da ya biyo bayan hijirar Shehu ya tayar da wasu. Gobirawan da suka ƙi mubaya'a sun yi arewa, daga baya suka kafa Tsibiri. Katsinawan da suka rasa birninsu suka kafa Maraɗi. Littattafan Sakkwato ba su kira tasu tafiyar hijira ba, amma tsohuwar da ta ɗauki tukunya a ka ta bar Alƙalawa, nauyin da ta ji bai bambanta da na tsohuwar Degel ba. Mu riƙe sunan Maraɗi, za mu sake haɗuwa da ita.

HIJIRAR 1903 DA WATA WURNO A BAKIN NILU

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira, ya fuskanci gabas da nufin ƙasa mai tsarki. Duk inda ya bi sai jama'a su bar gari su bi shi: malamai, sarakai, talakawa, har bayi. Lokacin kuwa damina na ƙaratowa, gonaki da yawa aka bari ba shuka. Turawa suka cim masa a Burmi, a ƙasar Gombe, aka kashe shi ranar 27 ga Yuli 1903.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba. Bayan 'yan shekaru suka zauna a Sudan, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Garin da suka kafa sunansa ya ci, ana kiransa Maiwurno, kuma zuriyarsu na can. Ikon Allah, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya isa jihar Sennar a 2024, jama'ar yankin suka sake ɗaure kaya. Jikokin masu hijira sun zama 'yan gudun hijira.

Ba kowa ya bi Attahiru ba. Waziri Buhari ya dawo Sakkwato ya zauna ƙarƙashin Turawa, ya kuma rubuta takarda yana bayyana dalilinsa, don kada a bar talakawa ba jagora. Malamai sun yi muhawara mai zafi a kan wa ya fi daidai. Na kawo wannan don yau ma ana irin wannan gardama a ƙauyuka. Wanda ya tashi yana ganin wanda ya zauna ya sunkuya wa azzalumai. Wanda ya zauna yana ganin wanda ya tashi ya yar da gadon ubansa. Kowannensu yana da hujja, kuma ba wanda ya zaɓi abin da ya same shi.

YUNWA DA RUWA

Ba takobi kaɗai ke tayar da gari ba. Tsofaffi sun gaji labarin Kakalaba, yunwar 1914, lokacin da mutanen arewa suka kwararo kudu neman abinci. Farin 1973 da na 1984 sun sake koro jama'a da dabbobinsu daga Nijar zuwa garuruwan bakin Rima. Cin rani kuwa daɗaɗɗen abu ne a nan. Ƙirgen da aka yi a kan hanyoyin Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953 ya nuna fiye da mutum 250,000 sun wuce kudu neman aiki. Bambancin shi ne ɗan cin rani ya san ranar dawowarsa. Da ya ga hadari ya soma haɗuwa a gabas, sai ya ɗaure jakarsa.

Ruwa ma ya yi nasa. An gama madatsar Goronyo a kan kogin Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992, don noman rani da ruwan sha. A watan Satumba 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki tun daga Goronyo har ƙasar Wurno da gaba, dubban mutane suka kwana a makarantu da kan tudu. Amma ruwa yana janyewa. Bayan ya janye, mai gona ya koma ya tarar da fadamarsa.

YADDA GUDU YA SHIGA GABAN HIJIRA

Kalmar nan ta gudun hijira gidajen rediyo ne suka yaɗa ta, suna ba da labarin ƙasashen da ake yaƙi. Shekara da shekaru manomin Rabah yana jin ta a akwatin rediyonsa yana cewa Allah ya kyauta, kamar abin da ke faruwa a wata duniya.

A watan Yuli 2018 'yan bindiga suka auka wa Tabanni a ƙasar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30. Mutanen ƙauyukan kewaye suka kwararo Gandi, aka buɗe musu sansani. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki. Gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya ce mutum 43 suka mutu. Tsakanin waɗannan ranaku biyu da bayansu akwai ɗaruruwan hare-hare da jarida ba ta rubuta ba: satar shanu, ɗaukar mutane don kuɗin fansa, ɗora wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya yi shuka ko girbi.

Wasu sun nufi Sakkwato, wasu hedikwatar ƙaramar hukuma, wasu sun ƙetare iyaka. A watan Mayu 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce fiye da mutum 60,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun shiga Nijar cikin kimanin shekara guda, yawancinsu mata da yara. Jihar Maraɗi ce ta karɓi mafi yawa. Maraɗin nan da masu gudu suka kafa, ita ce ta shimfiɗa wa jikokin maƙwabtansu tabarma. Kafin wata hukuma ta iso, talakawan ƙauyukan Gidan Rumji ne suka buɗe rumbunansu.

Dokar duniya ta raba masu gudu gida biyu. Wanda ya ƙetare iyakar ƙasa yana ƙarƙashin yarjejeniyar 1951. Wanda ya tashi amma bai bar ƙasarsa ba, alhakinsa na wuyan gwamnatinsa, kamar yadda yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta tanada, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2012. Hausa ba ta yi wannan rabo ba. Suna ɗaya ta ba su duka, domin yunwar Gandi da ta Gidan Rumji iri ɗaya ce.

Yanzu mu auna tsohuwar kalma da sabuwa. Hijirar 1804 tana da jagora, tana da wurin da aka nufa, an yi shawara kafin a tashi. Gudun hijira ba shawara, ba jagora, ba sallama. Da tsakar dare ake yinsa, wani ba takalmi, wata da tuwo a kan wuta. Wannan ne ya ɓata wa dattijon nan rai. A kunnensa kalmar tana nufin mutumin da ba shi da komai sai hannun roƙo.

ABIN DA MANOMI KE BARI A BAYA

Ɗan kasuwa in ya gudu yana iya tafiya da jarinsa a aljihu. Manomi ba ya naɗe gonarsa ya sa a buhu. Ga abin da yake asara, bayan rayuka.

Na fari, rumbu, wato abincin shekara. Na biyu, iri. Kowane gida yana da geronsa da dawarsa da wakensa da aka zaɓa shekara da shekaru, waɗanda suka san ƙasar wurin da ruwanta. In aka ƙone rumbu, ko yunwa ta sa aka daka irin aka ci, ba a samun kamarsa a kasuwa. Na uku, shanun huɗa da jaki da awaki, waɗanda su ne bankin talaka, su ne kuma masu ba shi taki. Na huɗu, ita gonar kanta. Gonar da ta yi damina uku ba a taɓa ta ba ta koma saura, sabara da geza sun rufe ta, iyakokinta sun ɓace. Ranar da aka dawo, rigimar iyaka ce za ta fara tarar mutane. Na biyar, wanda ba a gani da ido, shi ne gandu. Uba na Gandi, babban ɗa na Legas, ƙanensa na Nijar. Yaron da ya yi shekara biyar a sansani bai koyi riƙon fartanya ba, bai kuma zauna aji ba.

Asarar ba ta tsaya kansu ba. Duk eka da aka bari a ƙasar Rabah, mudun gero ne ya ragu a kasuwar Sakkwato. Mai albashi a birni da ke kukan tsadar hatsi, kukan ƙauyen da ya tashi yake yi bai sani ba.

RABON MAI KARƁA

Kashe wutar nan aikin hukuma ne, kuma ba za mu gaji da tuna mata ba. Amma akwai abin da ke hannun mai gari da sarkin noma da ƙungiyar manoma da majami'a da masallaci. Buhun shinkafar agaji yana ƙarewa cikin mako biyu. Abin da ke mayar wa manomi da mutuncinsa gona ce.

1. Aron gona. Tun kafin ruwan fari, mai gari ya tara masu gonakin da suka fi ƙarfinsu. Ko rabin eka ne, a ara. A yi maganar gaban shaidu, a rubuta: wace gona, damina nawa, me za a ba mai ita bayan girbi. Tsoron kada aro ya zama gado shi ke hana mutane bayarwa, takarda kuwa tana kawar da wannan tsoro.

2. Bashin iri. Tiya biyu ta gero ta ishi eka guda. Ƙungiya ta ajiye iri a rumbu ɗaya, ta ba da shi bashi, a mayar bayan kaka. Wanda ya sami gona a makare a ba shi gero ɗan wuri, mai nuna cikin kwana 90, ko wake mai saurin nuna.

3. Fadama. Noman rani na albasa da tafarnuwa da tumatir yana cin hannu da yawa. A ɗauki baƙi aiki, a biya su ladan da ake biyan ɗan gari. Wanda ya rage wa mai yunwa lada don ya san ba shi da zaɓi, ya sani shi ma ya shiga sahun masu cin ƙauyen.

4. Mata. Da yawansu mazansu sun mutu. Akuya ɗaya ta kiwo, ko ɗan jarin ƙuli-ƙuli, ta fi zani goma na kyauta.

5. Yara. A sa su aji tare da 'ya'yan gari, kada a ware musu inuwa dabam.

6. Gonakin da aka bari. Tun dattawa na da rai, kowane ƙauyen da ya tashi ya zauna ya rubuta gonakinsa da iyakokinsu da maƙwabtan kowace. A ajiye kwafi wurin uban ƙasa.

Na san abin da wani zai ce: gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa? Gaskiya ne, masu karɓar ma talakawa ne, wasunsu kuma suna tsoron kada mai leƙen asirin ɓarayi ya shigo cikin baƙi. Maganin wannan shi ne mai garin da ya tashi ya tsaya wa mutanensa, shi ya san kowa da ubansa. Amma kada laifin mutum ɗaya ya sa a rufe wa ɗari ƙofa, ko a yi wa wata ƙabila kuɗin goro, alhali cikin masu gudun akwai Hausawa, akwai Fulani. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Garuruwa nawa ne suka karɓi baƙi bara, bana su ne a kan hanya?

Ana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. An yi wannan karin magana ne don mai yawon banza, bai hau kan wanda aka kora da bindiga ba. Dattijon nan da na ba ku labarinsa ya sami aron gona a wannan damina, ƙasa da eka guda, wurin wani mutum da bai taɓa saninsa ba. Da na koma bayan kaka na tarar ya ware zangarniyar gero mafi kyau ya ɗaure ya rataye a rufin ɗaki. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce iri ne, na gonarsa ta gida.

Jama'a, ruwan shuka ba ya jiran kowa. Wanda ke da gonar da ta fi ƙarfinsa, ya je ya ga mai gari tun yau.